Kaɗan Dama, Kaɗan Hagu

"Wannan eriyar tana ji ta ko'ina," in ji mai shago. "Wannan mai haƙarƙarin kuwa zango biyu take kamawa, tana kaiwa nesa, amma sai inda ka saita ta."

Mai haƙarƙarin ce Baba ya ce in sayo. Yaya injiniya ne can bayan tsaunuka, kuma da shi Baba ke son hira kowace safiya ta rediyonsa na oba-oba. Ni da na bar makaranta, nawa hawa rufi.

Na ɗaura ta a bututu, na fara juyawa.

"Kaɗan dama, Auta!" Baba ya ɗaga murya ta taga. "Ka wuce, sarkin gaggawa! Dawo hagu!"

Muryar Yaya ta leƙo, ta sake nutsewa.

Sati uku ke nan muna haka. Baba yana kirana, yana zolayata, jiya har ya ajiye mini shayi a gindin tsani. Bai taɓa hira da ni haka ba.

Tun ranar farko na gano inda take kama Yaya garau. Na karce wurin a jikin bututun da ƙusa, don kada in tsaya a kai bisa kuskure.