Mai Yaji da Barbaɗen Maƙwabciya

Tunda ka ce ranka na ɓaci duk lokacin da aka yabi abokin sana'arka, zauna in ba ka misalin wata mai garau-garau da ta yi zamani a bakin wata tashar mota.

Dattijuwa ce, kuma yajinta ne ya yi mata suna. In ta ɗauki taɓarya duk unguwa sai ta sani, don ba ta ajiyewa sai barkono da citta da ƙuliƙuli sun yi lukwi kamar kwalli. Direbobi kan ce ko tsakuwa aka barbaɗa wa yajin nan sai ta ciwu. Ita ma ta san haka, kuma ta fi kowa faɗin hakan. Ana nan sai wata yarinya maƙwabciyarta, wadda katanga ɗaya ta raba su, ta fara kai tata shinkafar tashar. Yayan yarinyar ya yi karatun noman shinkafa a ƙasar Japan, ya dawo ya koya mata wani barbaɗe da mutanen can ke haɗawa a gida su zuba a kan farar shinkafa: riɗi, busasshen kifi, gishiri, ɗan sukari da wani ganyen teku. Ganyen teku ba ya samuwa a nan, sai ta sa busasshen zogale a madadinsa. Abu kuwa ya karɓu. Bencin dattijuwa ya fara ragewa, kullum sai ta ga wani da ta saba zuba wa abinci ya gaishe ta a tsaitsaye ya tsallaka titi. Kishi ya ci ta ƙwarai, har ƙamshin riɗin da ke tsallako katanga ya zama mata kamar zagi. Yarinyar, da yake mai ladabi ce, ta kawo mata ɗanɗano a ɗan kwano ta ce, "Iya, ki taɓa ki ji. In kina so ki shigo in nuna miki yadda ake yi." Dattijuwa ta yi godiya a baki, tana juya baya ta watsa wa kaji, amma fa sai da ta lashi yatsa. Daɗin da ta ji shi ya fi komai ƙona mata rai.

Ta shiga gidan ta tambaya? Ina! Ita da ta goyi uwar yarinyar? Sai ta kife turmi a gindin katanga, ta hau, ta leƙa. Ta ga kayan haɗi a shanye bisa faifai, ta haddace su tsaf. Ta kuma lura ba ta taɓa jin ƙarar daka daga gidan ba, sai ta ce a ranta ragwancin yaran zamani ne. In abin da ba a daka ba ya sami wannan yabo, ina ga wanda gwana ta daka? Ta nemo irin kayan, ta juye komai a kasko ɗaya, ta iza wuta kamar mai suyar gyaɗa. Riɗi ya ƙone kifi bai ko ƙame ba. Ta zuba a turmi da zafinsa ta hau kirɓa, riɗi ya saki mai, abu ya dunƙule ya koma baƙin tunkuza. Abin da leƙe bai nuna mata ba shi ne, yarinyar kan gasa kowanne daban a kan garwashi mai sanyi: riɗi da ya fara tsalle a sauke, kifi a ɓarɓashe shi a juya har ya yi ƙaras-ƙaras, zogale a murje shi da tafin hannu. Sai duk sun huce a gauraya, ba a kai shi turmi sam, don daɗinsa yana ga jin kowace ƙwaya a haƙori. Dattijuwa ta ɗanɗana nata ta ji ɗaci, amma ta lallashi kanta da cewa nata ya fi ƙarfi ne kawai.

Ranar ta bar yajinta a gida, ta tafi tasha da wannan, tana shela cewa ga na ainihi ya zo. Waɗanda suka rage mata tsofaffin masu cin abincinta ne, mutanen da kara ta hana su tsallaka titi duk da labarin da suke ji. Suka kai loma, fuskoki suka yamutse. Wani tsohon direba ya kurɓi ruwa ya ce, "Iya, wannan ne abin da ake ta yabo?" Na kusa da shi, wanda ashe ya taɓa cin na yarinyar a ɓoye, ya ce wallahi ba haka yake ba. To, tunda Iya da kanta ta ajiye yajinta ta bi barbaɗen yarinya, wace kunya ta saura? Suka tashi suka je don su gwada, kuma gwajin bai ƙare ba har yau. Da ta koma wa yajinta, yana nan da daɗinsa yadda yake, sai dai masu ci sun riga sun saba da wani benci. Tana zaune tana korar ƙuda daga bakin tukunya ta ga an sauke wa yarinyar sabuwar tukunya wadda ta fi tsohuwar girma, kuma ta san sarai da hannunta ta tura mata mutanen da za su cinye abin da ke ciki.

Ka riƙe wannan kafin ka sake hararar rabon wani. Ba banza Hausawa suka ce ba, hassada ga mai rabo taki ce.