Allurar Mai a Babur ɗin Nu'uman

Sau uku Hambali bakanike yana kwance tankin babur ɗin Nu'uman a bakin tashar Birnin Kudu, sau uku yana mayarwa bai ga komai ba.

Allurar mai ce ta ƙi zama wuri ɗaya. Nu'uman zai taso daga acaɓa da magariba, allura ta kwanta a kan ja. Ya tura babur zaure, ya rataye makulli a ƙusa. Gari na wayewa sai ya tarar ta ɗago, wani lokaci har kusa da rabi. Ba kullum ba, sai ran da ta ga dama.

Karon farko Hambali ya ce tsatsa ce, ya goge. Na biyu ya sake waya. Na uku aka aiko daga Kano da sabon ɗan robar nan da ke shawagi a cikin tanki. Duk a banza.

"Maƙalewa yake a ƙasa in ya sha zafi," in ji Hambali. "In ya huce ya taso. Manka na nan, mutumina. In ta ce ja, ka ce mata ƙarya take."

"To kai me ka gyara ke nan?"

"Tunaninka."

Nu'uman ya karɓi wannan fatawa. Har ya shiga yi wa 'yan acaɓa alfahari, wai nasa babur lasar mai yake, ba sha ba.

Abin da bai taɓa alfahari da shi ba, mahaifinsa ne. Shi ne ɗan farin Malam Hadi, kuma Malam mutumin dā ne, ya riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Shekara talatin da wani abu bai taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" yake ce masa. Ƙaninsa Rilwanu kuwa da shi ake cin tuwo, da shi ake zuwa gona ana hira. Ran da Nu'uman ya kawo babur gida, Malam ko ɗaga kai bai yi ba. "Allah ya tsare," shi ke nan.

Ɗakin Malam na jikin zaure, amma tsakaninsu sai gaisuwa. Da asuba Nu'uman kan gan shi a tsugune yana dirje hannu da toka da sabulu kafin alwala, ya ce a ransa waswasin tsufa ne. Wata rana ma, a tsakar gida, da ƙarfi yadda za a ji daga zaure, ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, ni fa maraya ne mai uba." Malam ya yi tari kawai.

Bayan girbi ne, ko dab da shi, an daɗe, Malam ya tafi Basirka duba ƙanwarsa Hajjo. Washegari da hantsi wani direba ya tsaya a ƙofar gida, bai ko kashe mota ba.

"Jikin Malam ya rikice. Hajjo ta ce ka zo yanzu. Ta ce in gaya maka kiranka yake." Ya leƙo ta taga ya ƙara da cewa, "Da sunanka."

Nu'uman ya fito da babur. Allura na kan ja. Ya buga mata tafi sau biyu, ba ta motsa ba.

"Maƙaryaciya," ya ce, ya tayar.

A bakin gari ya wuce masu sayar da mai a kwalba, har Dada da ke kan layinsu ya ɗaga masa hannu. Bai tsaya ba. Me zai ɓata lokaci a kai? Shekara biyu allurar nan na yi masa barazana, bai taɓa kwana a hanya ba. Zuciyarsa na can Basirka, yana ta gwada yadda sunan zai fito daga bakin tsohon.

Ya baro Gwaram da nisa, babur ya fara shaƙewa. Ya murɗa makunnin man ajiya, ya ƙara ɗan nisa. Sannan ya mutu murus. Ya buɗe tanki ya leƙa. Ƙarfe ya gani, busasshe.

Ba gari, ba rumfa, sai karan dawa hagu da dama. Motoci biyu suka wuce maƙil da mutane. Ya tura. Rana ta take, ya tura. Takalminsa ya tsinke, ya yar da shi, ya ci gaba da turawa yana tsine wa allura da Hambali da wanda ya ƙera babur.

Ya shiga Basirka bayan la'asar. A bakin gari ya haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta, ana ɗauke da makara ba kowa a kai.

"Sau biyu ya faɗi sunanka," in ji Hajjo. "Ras, kamar mai karatu. Yana ta duban ƙofa."

Ran sadakar uku, a Birnin Kudu, Nu'uman na zaune a kan tabarma yana amsa gaisuwa da ka. Ya riga ya rantse zai fasa mitar man nan da guduma. Dada mai mai ya zo ya durƙusa, aka yi fatiha. Ya tashi zai tafi, sai ya dawo ya rage murya.

"Ran nan na ɗaga maka hannu, ba ka tsaya ba. So na yi in ce ka sha mai, tunda Malam ba ya gari. Yanzu kam ba sauran alkawari a kaina. Shekara biyu, duk ran da ya leƙa ya ga allurarka a ja, kafin sallar asuba yake zuwa ya karɓi kwalba biyu ya je ya ɗura maka a tanki, ya ce kada in kuskura wancan ya sani."