Gaɓar da Aka Bari Tana Girgiɗi

Baba, kai ne mai ba da misali a gidan nan. In na yi ba daidai ba, ba ka zagi, sai ka ajiye tabaran walda ka ce, "Zauna in ba ka labarin wani mutum." Yau kwana arba'in da biyu ba wanda ya ce min in zauna. To bari ni ma in ba ka guda, ko da ban iya jera magana kamarka ba.

An yi wani mai walda a wani gari na bakin fadama. Yana da lambun tumatir a can gangare, amma tsakanin lambun da titi akwai yashi da kwazazzabo, hanyar da ko a-kori-kura ba ta yarda ta bi. Jakinsa ne ke fito masa da kaya, sai ciwo ya kama mutumin, aka sayar da jakin aka sayi magani. Da ya ɗan ji sauƙi sai ya ce zai ƙera jaki na ƙarfe. Ba shi da halin sayen sabon ƙarfe, don haka ya yayyanka bututun tsohon gadon matarsa ya haɗa gangar jiki. Ya samo injin ban ruwa wanda famfonsa ya mutu amma shi yana da sauran numfashi, ya ɗaura masa sarƙar babur. Tayoyin baya na a-daidaita-sahu ne da suka suɗe, na gaba kuma na baro. Wurin zama kujerar roba ce aka yanke wa ƙafafu. 'Yar mota ta fito, mai cin mutum ɗaya, gajeriya kamar an danne ta, da wurin aza kwando huɗu a baya. Masu wucewa sukan tsaya su ce, "Malam, wannan Makka za ta ko Madina?" Shi kuwa ya ce, "Bakin lambu ma ya ishe ta." Bai ga ranar da za ta taka hanya ba. Ciwon ya dawo ya tafi da shi, tumatir yana soma nuna.

Mutumin ya bar ɗa, wanda ya iya riƙe walda amma bai gama koyon sana'ar ba. Da aka share makoki, lambu ya yi jajir, in ba a fito da shi ba a makon nan gidan ba abin da zai ci har damina. Ɗan ya yaye buhun da aka rufe motar da shi, ya bi ta gaɓa gaɓa. Komai daram, sai wuri ɗaya: ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba. Ƙusa ɗaya tal mai noti ce ta riƙe shi a tsakiya, an cusa yankin tsohuwar taya hagu da dama, in ka taɓa sai ya yi girgiɗi kamar haƙorin tsoho. Idonsa ya ciko, ya ce a ransa, nan ne ƙarfin tsohona ya ƙare. Sandunan walda uku suka rage a gwangwani. Ya zare robar, ya ƙone duka ukun a wurin, ya manne gaban da gangar jiki ƙam, yana ganin ya ƙarasa wa ubansa aiki.

Gangarawa lafiya lau, tunda ba kaya. A dawowa, da kwando huɗu cike, ya iso kwazazzabo. Tayar hagu ta hau tudu, ta dama ta rataya a iska, ƙarfe ya nemi inda zai sassauta bai samu ba. Ji kake ƙas, bututu ya tsage dab da waldar. Kwanduna suka kife, tumatir ya gangara rami, awakin unguwa suka sha biki.

Wani dattijo mai faci, abokin marigayin, ya zo ya tsuguna ya shafa wurin. Ya ce, "Walda kam ta yi kyau, ɗan nan. Ina robar da na yanka wa babanka?"

Ya ce, "Na cire, Baffa. Girgiɗi wurin yake yi."

"Girgiɗin ai shi ne aikin. Kwana uku muna gwada kaurin robar nan ni da shi. Ka taɓa ganin jaki ya hau tudu da sandararriyar kafaɗa?"

Kwana biyu ɗan ya yi yana yanke waldar hannunsa da zarto. Ya kai wa wani mai walda kwandon tumatir aka ba shi sanda biyu, ya ɗinke tsagar, ya mayar da ƙusa da roba yadda ya same su. Cikin kwana biyun nan rabin lambun ya ruɓe a jikin ganye. Ɗaya rabin kuwa motar ta fito da shi tsaf, tana rangaji a kwazazzabo, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko ƙwaya ba ta zubar ba.

Baba, Inna har yanzu tana ganin dutse ne ya karya motar, Baffa kuma ya rufa min asiri. Abin da ban gaya wa kowa ba tukuna, har shi Baffan, shi ne na zaci hannunka ne ya gaza, alhali idona ne bai kai ba. Da ma an faɗa: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.