Mai Hular Kwano

Sai da likitar ta riƙe mata fatar ido da yatsa biyu kafin gilashin idon hagu ya zauna. Auta kam hawaye kawai take, kamar mai yanka albasa. Ɗan gilashin nan ne fa mai laushi da ake liƙawa a ƙwayar ido. An auna ta, an nuna mata masu launi, ta ce a'a, a ba ta wanda ba mai ganewa. Shekara uku tana ƙin saka tabarau don kada a ce mata mai ido huɗu, alhali ko lambar mota ba ta iya karantawa. Baba ya yi faɗan har ya gaji. Ita har mamaki take, duk ranar da ta kusa faɗawa kwata a hanyar makaranta, ya aka yi ya sani?

Ranar ma cewa ya yi ba zai samu raka ta ba, saƙonnin da zai kai sun yi masa yawa a wurin aiki.

Tana fitowa duniya ta buɗe tar. Ashe bishiya ganye ɗaiɗai gare ta! Tana cikin kalle-kallen nan ta hango shi a tsallaken titi: wani a kan babur, hular kwano rufe ruf, ya juyo yana kallonta.

Ta yi gaba, ya tayar. Ta tsaya, ya tsaya. Ta shiga lungun masu ɗinki, ta waiga, ga shi nan yana lallaɓowa, ƙafarsa na jan ƙasa. Ta kira Baba, ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Shiru. Gumi ya shiga idon, ga likita ta ce kada ta kuskura ta murza.

Da gudu ta faɗa shagon mai kayan shayin bakin layinsu, ta ɓuya bayan buhunan sukari, da ƙyar ta iya cewa wani na bin ta.

Mai shagon ta leƙa. "Wai wancan? Ke 'yar nan, ai shekara uku kenan kullum yana bayanki, safe da yamma. Yau kika gan shi?"

Auta ta ƙara lafewa bayan buhunan. Shekara uku!

Aka kashe babur a ƙofar shago. Taku, taku, har gaban buhunan. Ta ƙanƙame jakarta ta sake danna kiran Baba, sai waya ta fara kuka a aljihun mutumin. Ya cire hular a hankali.

To ku faɗa min, da ku ne, me za ku fara ce wa Baban da kullum ake yi wa faɗan makara a wurin aiki, don kawai ya ga kun tsallake titi lafiya?