Kwamfutar da aka hana ruwa

Muryar maigidana ba ta nan. Shi kansa Allah Ya karɓi abinsa bara, wannan na yi haƙuri da shi. Muryar ce nake magana, wadda ya bari a ajiye, sakacin mutum ya cinye ta. Zan ba ku labarin ne a matsayin misali, ba zan kama suna ba, mai shi ya san kansa.

Wani mutum ne sana'arsa haɗa bidiyon biki da na suna. A shagonsa yana da wata babbar kwamfuta irin wadda ruwa ke sanyaya ta. A cikinta akwai ɗan tulun gilashi, ruwa mai shuɗi yana fita ta siraran bututai, ya zaga inda zafi yake, ya dawo. Ruwan na musamman ne, a gora ake sayar da shi, kuma a hankali yake raguwa. Mutumin ya ɗauki jan farcen matarsa ya ja layi a jikin tulun. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya durƙusa ya leƙa, in ruwa ya sauka ƙasan layi, ya kashe ta, ya ƙara mata da ɗan mazurari. A cikin kwamfutar nan ya ajiye hirarsa da 'yarsa ta auta, yana yi mata waƙa, yana tsokanarta da sunan kakarta. Yarinyar ba ta cika shekara biyu ba ya rasu.

Shago ya koma hannun ƙanensa, magidanci da gemunsa. Matar tana takaba, ba ta fita. Sau uku tana kiransa a waya tana cewa ya duba mata ruwan kwamfutar. Ya yi dariya ya ce, "Haba matar Yaya, kwamfuta ce fa, ba tunkiya ba!" Ruwa ya bar layi. Kwamfuta ta fara ƙugi kamar cikin mai yunwa, sai ya ƙara muryar rediyo. Fankokinta suka riƙa ruri, jikinta ya yi zafi kamar murfin tukunya, sai ya juyo mata da fankar shago. Kwamfutar ta shiga mutuwa da kanta ana tsakar aiki, ya kunna, ta mutu, ya sake kunnawa yana zaginta. Me kuma ya rage ba ta faɗa masa ba? Ranar da ta ƙi tsayawa ko minti biyar, ga masu biki sun tsaya masa a ka, a ranar ya tuna da maganar mace. Gorar ruwan tana nan a ƙasan tebur, bai ko neme ta ba. Butar alwala ya ɗauko, kwamfuta na kunne, ya tuttula da gaggawa. Ruwa ya kwarara kan wayoyin ciki, wuta ta yi tartsatsi, wari ya tashi. Mai gyara ya ce abin da ke riƙe da ajiyar ya ƙone, babu abin da za a ciro.

Da matar ta fita takaba ƙanen ya zo da kansa a sunkuye yana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara ce ta ƙara muryar rediyo? Yanzu yarinyar ta iya magana, tana tambaya yadda Babanta yake kiran sunanta, uwar ta gwada kwaikwayo, bai fito kamar nasa ba.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san gaskiyar masu iya magana da suka ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ku taya ni roƙo: Allah Ya jiƙan maigidana, Ya raya abin da ya bari, Ya sanyaya mini zuciya, don har yau ban iya yafewa ba. Ku ce amin.