Sakan Goma Sha Biyu

"Hajiya, bar batun ram mai saurin nan," in ji Muttaƙa, mai gyaran kwamfuta a kasuwar Konni. "Tsohuwar kwamfuta ram mai yawa take so, shi ne ƙwaƙwalwarta. Giga takwas, ta daina maƙalewa."

Hajiya Mubaraka ta ce ya sa.

Ya sa, ya kunna bidiyo ɗaya tilo da ke ciki don gwaji. Ga mijinta Zaidu jikin motar siminti a Malbaza yana dariya, mako guda kafin hatsarin da ya yi ajalinsa. Sumul, sakan goma sha biyu, ya ƙare.

"Kin gani? Ko gezau!"

Mubaraka ta dubi kwamfutar, ta ce:

"Da can, in ya ɗago kai sai ta maƙale, ya yi ta kallona har in shanye shayina. Malam, mayar mini da tsohon."