Sai Dai Mama Ta Fara

Ludayi ya sake suɓucewa daga hannun Hidaya, ya faɗa cikin miya.

Haka take yi kwanan nan. Da safe garau take tafiya makaranta, yamma na yi sai fatar idonta na dama ta sauko, hannu ya mutu, nama ma ta ce ba ta iya taunawa.

Mamanta Safiyatu, mai sayar da doya a kasuwar Kure, ta ɗaga haɓa sama ta kalle ta, yadda take kallon kowa yanzu. Ita ba ta zuwa asibiti. Komai ya same ta sai ta ce gajiyar kasuwa ce, ta shafa man zafi ta kwanta. Amma 'yarta ɗaya tilo? Washegari da la'asar suna gaban likita.

Likita Jiya ya duba Hidaya, ya ɗago ya kalli uwar, kallon ya ɗan jima. Ya ce akwai cutar da garkuwar jiki ke rikicewa ta tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka. Jiki ya riƙa saki da yamma, in aka bar ta har numfashi takan taɓa. Tana barin wasu sunadarai a jini, su za a nema.

Hidaya na ganin allura ta ɓuya bayan uwarta.

"Ni wallahi sai dai Mama ta fara."

"Ji mini yarinya! Ƙatuwa da ke?"

"Ki taimaka mana, Hajiya," in ji likita. "Dama naki ma zan so a gwada."

Safiyatu ta miƙa hannu tana mita.

Sakamakon ya ɗau lokaci, don sai da aka kai jinin Abuja. Ranar da suka koma, likita ya ce, "An ga alamar, kuma akwai magani."

Safiyatu ta rungume Hidaya. "Wayyo 'yata!"

"A naki jinin, Hajiya. Nata lafiya lau."

Safiyatu ta juya a hankali. Hidaya ta buɗe idanunta duka biyu tangaran, tana wasa da bakin hijabi.

"Mama, yi haƙuri. Idonki na hagu ne ke saukowa, ni da nake kwaikwayonki muna fuskantar juna, sai na kama na dama."